Gonar Mita Biyu

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu na aikin gona a Gusau, ni kaɗai na iya yi wa rumbun bayananta tambaya, har tafiyata ta canza. Na koyi umarnin SQRT: ka ba shi girman fili, ya ba ka tsawon gefe ɗaya. Na ba shi gonar Baba Sani ta Wanke, hekta huɗu, ya ce biyu. Na manta cewa hekta ba mita ba ce. Na je Wanke don shata iyakar gonar, manoma na biye da ni, na auna mita biyu kowane gefe, na kafa turaku.

Baba Sani ya leƙa ciki. "Malam, in na shuka gero, ina zan tsaya?"

Har yau in na je Wanke, sai a shimfiɗa mini tabarma a ce, "Bismillah, shigo gona."