Tsakuwar da Na Haɗa wa Kaina

Gwiwata ta dame ni saboda taka keken ɗinki, sai na sayo ƙwayar kalsiyam a farmasi, irin mai tafasa in an jefa ta a ruwa. Guda ɗaya a rana aka ce. Da na ji ɗanɗanonta kamar lemon kwalba, sai na yanke hukunci irin na masana: abin ƙarfafa ƙashi ai ba ya yawa. Shida nake narkawa kullum, har da ƙanƙara, ina yi wa ’yan fadarmu ta hira a unguwar Bukoki wa’azin lafiya.

A wata na huɗu ƙishirwa ta hana ni sakat, bayan gida ya ɗauke, rannan ciwo ya soke ni a kwiɓi na zube a shago.

A asibiti, lokotoro ta duba sakamakon jinina, ta cire tabarau.

“Malam, nawa kake sha?”

“Shida.”

“A sati?”

Na sunkuyar da kai.

“Innalillahi! Kalsiyam ya yi maka yawa a jini, ga tsakuwa a ƙoda. Saura ƙiris ka kashe ƙodar!”

Na warke. Amma har yau in magini ya gifta fada, sai abokina Isufu ya ƙwala masa kira: “In tsakuwa kake nema, ga mai kamfanin zaune!”