Bishiya Mai Tsawon Kaka Shida

"…da gajiyar jiya kuma, ango? Ko har yanzu gwiwar ce ke tashinka kafin zakara?"

"Gwiwata lafiyarta ƙalau, ta fi kanki lafiya. Ina zuwa da igiyar shanya da hantsin nan? Korar ki aka yi za ki ɗaure kaya?"

"Wurinka na zo."

"To ni ba akuya ba ne."

Ƙanwata ke nan da Kakanmu na wajen uwa, tsohon kafinta, wanda a gidansa muka tashi. Ita kuwa Meyasa muke ce mata, domin tun tana ƙarama ba ta da magana sai "me ya sa?" Tun da ta gama sakandare take karatun kimiyya da lissafi ita kaɗai, da tsofaffin littattafan da ta tsinto nan da can, tana shirin jarrabawar shiga jami'a. Wurin karatunta ɗakin Kakarmu ne, Allah ya jiƙanta, wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen tsakar gida. A jikin katakon ƙofarsa Kakarmu ta riƙa zana tsawon kowa da ƙusa, 'ya'ya da jikoki, shekara da shekaru. Ni na san kowane zane da mai shi.

To, doguwar bishiyar turaren da ke tsakar gida ta bushe, gara ta cinye gindinta, kuma babu inda za a kayar da ita sai ta fuskar ɗakin. Mai saran itace ya dube ta ya ce sai ta danne ɗakin. Kawu ya ce in haka ne gobe da safe a cire kwanon rufi a rushe bangon, kada a yi asarar duka. Babu mai tsayar da Kawu sai mahaifinsa, wato Kaka. Shi ya sa Meyasa ta ɗauko igiya, ta ƙulla mata ƙulli a kowace ƙafa ɗaya da rularta ta makaranta, ta ce in riƙe mata bakin.

"Ara mini tef ɗinka na awo," ta ce da Kaka.

"Tef ɗina? Wanda ya girmi uwarki? Ko a mafarki."

"To sandarka."

"Ki bar ni in faɗi ki ci gado? Na gano ki. Me za ki auna?"

"Bishiya."

Kaka ya kwashe da dariya har sai da ya yi tari. "Jama'a ku zo ku gani, na auri biri ban sani ba! Hawa za ki yi?"

"Ba sai na hau ba. Inuwarta zan tambaya."

"Inuwa! Shekara hamsin ina sana'ar katako, ban taɓa jin inuwa ta yi magana ba. Mai sara ya duba ya ce za ta kai ɗakin, ni ma na duba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Idon naka da jiya ka gaishe da turmi ka ce masa sannu da aiki?"

"Turmin ya fi ki aiki, shi ya sa. Ke in ban da tambaya me kika iya? Rannan kina tsaye kan randa kamar mai jiran aljani, wai me ya sa ruwanta ke sanyi."

"Na kuwa gano. Randa gumi take yi, gumin in zai bushe sai ya tafi da zafin ruwan. Kamar yadda kake shan iska in ka jiƙe wajen faɗa da kajin Kawu."

"Ji mini 'yar nema! To Malama, me ya sa nake ganin walƙiya kafin in ji tsawa?"

"Ga sauran mutane, haske ya fi sauti gudu. Kai kuwa kunnen ne ya yi ritaya."

"Allah ya shirye ki. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Shi ya sa na ce ba hawa zan yi ba. Tashi ka tsaya a rana, tunda ka hana sanda. Kai ne sandar."

"In tsaya a rana? Wace irin amarya ce ke shanya mijinta?"

"Wadda ta ga ya fara fumfuna."

Ya tashi yana mita, amma ya tashi. Duk gidan nan babu mai tayar da Kaka daga kujerarsa sai ita. Ya tsaya tsakiyar fili, ya ture hularsa gefe don ta ce a cire, ya miƙe ƙirji kamar za a ɗauke shi hoto.

"Ga yadda abin yake," in ji Meyasa, tana jan igiya a ƙasa. "Rana ɗaya ce ke dukan ka da bishiyar, ta fuska ɗaya. In inuwarta ta ninka taka sau kaza, to tsawonta ma ya ninka naka sau kaza. Yaya, ja da sauri kafin rana ta gusa."

Muka auna inuwar Kaka, ƙulli huɗu. Muka ruga muka auna ta bishiya daga gindi har inda kanta ya kwanta, ƙulli ashirin da huɗu.

"Shida," ta ce. "Bishiyar nan Kaka shida ce, an ɗora wani kan wani."

"Ɗaya ma ya fi ƙarfinki, ina ga shida?"

"Allah ya tsare mu da shida, abincin gidan ba zai kai azahar ba. Saura tsawonka. Tsaya in auna."

Ai kuwa Kaka ya ja da baya, ya ɗaga sanda. "Kul! Kada ki kusance ni da igiyar nan. Ni da na san wanda ake aunawa daga kai zuwa ƙafa! Gaggawar me kike yi? Ban shirya ba tukuna, sai na ga furfurarki."

"To ya zan yi lissafin?"

"Ki tambaye ni mana, ba ke ce sarkin tambaya ba? Ƙafa shida cif. Duk unguwar nan an sani. Da ina saurayi sai na sunkuya nake shiga shago."

"Ka tabbata?"

"Kafinta ne zai manta awonsa? Je ki duba ƙofar tsohuwata, zanen da ya fi kowane tsawo nawa ne. Da hannunta ta yi shi."

Gaskiya ne, akwai zanen. Meyasa ta je ta ɗora igiya a jikin katakon, ƙulli shida daidai. Ta dawo muka auna daga gindin bishiya zuwa bangon ɗaki, ƙulli talatin da huɗu. Ta tsuguna ta rubuta a ƙasa da tsinke. Shida sau shida, talatin da shida. Ta goge ta sake rubutawa. Ta sake.

"Yaya dai, Malama? Inuwar ta yi shiru ne?"

"Ta yi magana," ta ce a hankali. "Za ta wuce bango da ƙafa biyu. Mai sara ya yi gaskiya."

Na ce ko za mu sake awon, ko mun yi kuskure. Ta girgiza kai, ta ce lissafi ba ya sauyawa don an ji haushinsa. Ta naɗe igiyarta ta shiga ɗakin, na ji tana sauke littattafai daga kan kanta. Na dubi Kaka. Ya ci wasan, amma ko dariya bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan, sannan ya dogara sanda ya bi bayanta.

"Ke raguwa," ya ce daga bakin ƙofa, ya jingina bayansa da katakon. "Kuka za ki yi? Kwashe tarkacenki ki kai ɗakina, in ya so ki riƙa biyana haya da tausa."

"Ɗakinka da munsharinka ke girgiza kwano? Ko ɗaya da ɗaya ba zan…"

Ta ajiye littafin da ke hannunta. Ba Kaka take kallo ba, saman kansa take kallo.

"Yaya, zo ki gani."

Na leƙa. Ga zanen ƙafa shida can sama shi kaɗai. Ga kan Kaka can ƙasa, daidai zanen da aka yi wa Kawu yana ɗan shekara goma sha biyar.

"Ango," ta ce, murya ta dawo, "ina sauranka?"

"Sauran wa?"

"Sauran ƙafa shidan. A ina ka ajiye? Ko aro ka bayar ba a dawo da shi ba?"

Kaka ya yi wuf zai matsa, ta tare hanya. "Kada ka motsa! Ba zan taɓa ka da igiya ba. Katako zan auna, katako kuwa ba ya tsoron mutuwa." Ta ɗora littafin kimiyya a kan sanƙonsa, ta ja layi da fensir a jikin ƙofar. Ya fara ɗage dudduge, ta taka masa babban yatsa.

"Wayyo! Za ta kashe ni a ƙofar matata!"

"Sauko ƙasa, dogo."

Ta auna da igiya, ta ƙarasa da rula. Ƙafa biyar da inci huɗu.

"Ƙarya ne, rular makaranta ce, ba ta da albarka."

"Biyar sau shida, talatin," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Inci huɗu sau shida, ashirin da huɗu, ƙafa biyu ke nan. Talatin da biyu! Yaya, talatin da biyu! Bango yana talatin da huɗu. Ba za ta kai ba!" Ta juyo kansa. "Ka ga abin da fariyarka ta so ta jawo? Inci takwas ka ƙara wa kanka, bishiya ta ninka maka shi sau shida. Da ƙaryarka za a rushe ɗakin matarka."

"Tsufa ne. Kowa ya tsufa sai ya koma ƙasa."

"Tsufa na cin inci biyu ko uku, na karanta. Ina biyar ɗin? Ramin ƙarya ƙurarre ne, tsoho."

Kaka ya dubi zanen sama, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Bulo ne," ya ce.

"Me?"

"A kan bulo na tsaya. Lokacin da aka yi zanen Kawunku ya fara kamo ni a tsawo, na ce ba za a yi haka ina raye ba. Tsohuwar tana ganin bulon ƙiri-ƙiri, ta ja zanenta ba ta ce uffan ba. Sai dai duk ranar da muka yi faɗa ta ce, 'Mai gida, a ɗauko maka bulonka ne?'"

Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi ma yana yi yana share ido da hannun riga, ban kuma tambaye shi ko na dariyar ne kaɗai ba.

"Amma tsaya, Malama," ya ce da ya huta. "Lissafin naki da saura. A ina ake sarar bishiya?"

"A gindi."

"Kin ga inda littafi ya ƙare? Wa ya taɓa sara daidai da ƙasa? Sai an bar kututture, kamar zuwa gwiwa. Abin da ya rage a tsaye ba ya faɗuwa. Cire shi."

Meyasa ta dubi gwiwarsa. "Kusan ƙafa biyu," ta ce. "Ratar ta zama huɗu ke nan."

"Uhm. A kuma sa mata igiya a ja ta gefen rijiya kaɗan, don bushasshen reshe yana da tsalle. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Na yarda. Gajeren mutum ya fi kowa sanin gindin bishiya."

"Za ki ci gidanku!" Ya laluba aljihun rigarsa, ya zaro tef ɗin nan na ƙarfe da ko Kawu bai taɓa riƙewa ba, ya cilla mata. "Ungo. Je ki sake awon da abin kirki, sau biyu, kafin in kira Kawunki in ce kada wanda ya taɓa mini kwano. In kin gama ki riƙe, na gaji da ɗaukarsa. Amma sharaɗi ɗaya: zancen bulo ya mutu a nan."

"Ni ba zan faɗa ba. Sai dai Yaya tana rubuta komai."

Washegari bishiya ta faɗi, ƙura ta tashi ta lafa. Meyasa ta ja tef daga kan reshen ƙarshe zuwa bango: ƙafa uku da rabi. Ta tsaya tana ɓata rai tana neman inda rabin ƙafa ya shige. Kaka kuwa yana kan kujerarsa yana gaya wa mai sara cewa shi ya koya mata komai.

Zane biyu ne yanzu da sunansa a jikin ƙofar. Na ƙusa a sama, na fensir a ƙasa. Ya ce a goge na ƙasan, Meyasa ta ce sai dai ya miƙa hannu ya goge na saman da kansa, in ya kai.