Rasuwar Ja, Safar Hannun Baba ta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da hannun da har yanzu bai daina zugi ba, ni babban ɗan gidan, a madadin mahaifinmu tsohon mai gyaran wutar lantarki, da matata mai ɗinki, da ƙanwata da ke aure nesa, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar safar hannun Baba ta dama, wadda muke kira Ja. Ta cika ranar Asabar da hantsi a falonmu, hannuna yana cikinta.

Marigayiyar roba ce mai kauri, ja, tsawonta har gwiwar hannu. Ita ce ta ƙarshe da Baba ya sa a kan turakun wuta kafin ya ajiye aiki, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kowace safiya sai ya naɗe bakinta, ya tara iska a ciki har yatsunta su miƙe, ya kara ta a kunne yana saurare. In ya ji shiru, sai ya zura hannu, ya ja bakinta ya saki, ta ce fat. Wannan fat ɗin ita ce sallamarsa. Ya sha gaya mana cewa huda kamar ta allura ta isa ta mayar da mu marayu.

Da ya bar aiki mun zaci ya rabu da wuta ke nan. Ina. Sai ga shi wata rana da minjirya a bokiti, kifin nan mai santsi da gashin baki, wanda in ka taɓa shi yake fizgarka kamar ka kama wayar da ba rufi. Ya haɗa mata akwatin gilashi a kan teburin ƙarfe, ya zuba yashi, ya sa famfon iska, ya ajiye guntun bututu ya zama ɗakinta. Muka sa mata suna Gwaggo, saboda ƙiba, da rashin son hayaniya, da kuma cewa duk wanda ya taɓa ta sai ya ji a jikinsa. Ita kaɗai take zaune, don duk kifin da aka sa mata a matsayin maƙwabci ba ya kwana biyu.

A nan Ja ta fara aikinta na biyu, na sulhu tsakanin gidanmu da Gwaggo. Da ita ake miƙa tsutsa da yamma, da ita ake goge gilashi, da ita ake gyara bututu in ya karkace. Shekara shida tana shan dukan Gwaggo, ba ta taɓa kawo mana ko ƙwaya ɗaya ba. Ba ta da tsegumi. In ta gama, a rataye ta a ƙusa ta yi ta ɗiga, ɗis, ɗis, har ta bushe.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, hannun ya kwanta a cinyarsa kamar wanda wani baƙo ya manta. Aikin Gwaggo ya dawo kaina, ni da ba na son ko ganinta. Shi kuwa sai ya tura kujerarsa mai taya da hannun hagu, ya yini a gaban gilashi. Masu zuwa dubiya, Allah ya saka musu, sukan gaishe shi daga tsaye, ko su kama na hagun sama-sama don kada su ba shi kunya. Ni ma nakan goge masa na daman da tsumma, in mayar da shi inda na ɗauke shi.

Game da jinyar marigayiya, dole in faɗi gaskiya ko da ta kama ni.

Wata guda kafin rasuwarta, Baba ya nuna ƙusa, ya nuna mataccen hannunsa. Likitan motsa jiki ya riga ya ce duk abin da zai sa ya nemi amfani da hannun a bar shi. Don haka muka zura masa Ja, na maƙala tsutsa tsakanin yatsu, na riƙe shi ta bakin safar na tsoma a ruwa. Gwaggo ta leƙo, ta matso. Sai hannun ya yi tsalle. Yatsun da suka shekara biyu a kwance suka dunƙule, Baba ya saki wata dariya da na manta yana da ita.

Matata ta yar da tef ɗin awon da ke wuyanta ta ce, “Wallahi ya motsa. Ka gani? Ya motsa.”

Na kira ƙanwata, ta yi ta kuka a waya. Muka gaya wa kowa cewa sauƙi ya fara samuwa. Kullum da yamma ni da kaina nake tura shi gaban akwatin, ni nake tsoma hannun, mu tsaya a kansa muna cewa, “Yawwa Baba, ƙara dai.” Yakan ci abinci ya cinye a kwanakin nan. Sai dai in an gama yakan daɗe yana dafe da ƙirji, mu kuwa muka ce gajiya ce. Ko sau ɗaya ban hura wa Ja iska na saurara ba. Ɗan mai gyaran wuta ke nan.

Ranar Asabar na ce bari in wanke gilashin da na yi wata ina ɗage wankinsa. Na sa Ja, na kai hannu wajen bututu. Abin da na sani kawai na tsinci kaina zaune a ƙasa, bokiti ya kife, haƙorana sun datse harshena. Da na dawo hayyacina na naɗe bakinta yadda Baba yake yi, na kara a kunne. Ta ce fsss. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Matata ce ta duba gawar. Ta juya kan manuniya ta ce, “Wannan ba tsufa ba ne. Yanka ne, kuma na san almakashina.” 'Yar tsaga ce ta cikin yatsa, inda ido ba ya kaiwa. Baba, mutumin da ya shekara talatin yana farautar huda, shi ya danne ta da gwiwa ya yi mata wannan da hannun hagu.

Likita ya auna shi ya ce hannun yana nan yadda yake, wuta ce kawai take fizgar naman. Ya ce zuciyar ce abin ji, wani karon tana iya ƙin tashi. Na dawo gida raina a ɓace, na sa wa akwatin murfin katako da kwaɗo, na jefa makulli a aljihu, sannan na tsaya a kansa ina faɗa kamar ni na haife shi. Na ce, “Baba, kashe kanka za ka yi? Kuma da hannuna?” Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Ya dubi akwatin, ya dubi hannun da ke cinyarsa, ya ce, “Ita… tana taɓa ni.”

Tun ranar ya juya kujerarsa tana kallon bango. Yau kwana huɗu, in ban da ruwa da cokali biyu-uku ba abin da ya shiga cikinsa. In na buɗe kwaɗon ina tsoron zuciyarsa, in na bar shi a kulle ina kallonsa yana ramewa. Ban san wanda ya fi ba, kuma ba na barci.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta hagu, wadda ba ta taɓa jiƙewa ba kuma ba ta san komai ba. Ta bar tiyo, da soso, da ƙusar da ake rataye ta. Ta bar Gwaggo, wadda take leƙowa kowace yamma ta jira, ta koma bututunta. Ba mu riƙe Gwaggo da komai ba, halinta ta yi.

An shirya binne ta bayan gida, gindin bangon da ake shanya, amma an ɗage sai yadda hali ya yi, domin gawar tana wajen Baba. Ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, kuma ba ni da fuskar ƙwacewa.

Za a karɓi gaisuwa a falo kullum daga la'asar. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo sabuwar safa, an riga an kawo uku. Kada a ƙwanƙwasa gilashi, kada a tambaye ni makulli. Roƙon iyali guda ɗaya ne. Duk wanda ya shigo ya zagaya ta wajen bango, ya durƙusa, ya bar hannun hagun nan da Baba yake miƙowa. Ya ɗauki na daman daga cinyarsa, ya riƙe da hannu biyu, ya matse da ƙarfi, kada ya yi saurin saki. Da sanyi, da nauyi, kuma ba zai matse ku ba. Ni ma jiya na fara. Bai janye kujerar ba, kuma da aka kawo kwano ya buɗe baki.