Hannun Maikano

Goggo Hansai ce ta fara ba ni labarin nan, muna sussukar gero, kuma a kan 'ya'yanta ya faru. Biyu Allah ya bar mata. Babban, Maikano, ya tafi wani birni na bakin teku mai manyan otal da gidajen caca, tun ana jin ɗuriyarsa har aka daina. Ƙaramin, Nomau, yaro ne mai kirki, sai dai kan nan babu gishiri: yadda ka faɗa masa magana, haka zai ɗauke ta ya aikata. Akushin Maikano kuwa yana rataye, ba ta bari kowa ya ci a ciki.

Wata rana ƙaninta Sallau direba zai kai lodin albasa can. Hansai ta sa Nomau a mota, ta ce, "In ka ga yayanka ka riƙe shi. Kada ka sake shi sai a ƙofar gidan nan."

Da suka isa, Sallau ya ce, "Abin da ka ga mutane na yi, kai ma yi, kada a gane ɗan ƙauye ne." Nomau ya shiga gidan caca, fitilu ko'ina, ba taga ko ɗaya. Ya ga wani mai kwat ya doki na'urar caca, ya ɗora hannu a ka yana kuka. Shi ma ya sami tasa ya naushe ta, ya fashe da kuka. Masu gadi suka yi waje da shi. Amma ya ce wa Sallau, "Kawu, kukan bai yi mini wuya ba. Inna na tuna."

Wata rana Sallau ya ce, "Tambaya ake yi. Tambayi kowa, kada ka tsallake kowa." Nomau ya tambayi na tsaye, ya tambayi na kwance a rana, sannan ya faɗa ruwan wankan otal da riga da hula don ya tambayi masu iyo. Mai sharar wurin, wani Bazazzagi, ya tsamo shi yana tari.

"Wa kake nema har cikin ruwa, ɗan samari?"

"Yaya Maikano."

"Mai wankin mota? Duba teburin karta. Abin da ya samu da safe, can yake kai shi."

Can kuwa ya same shi, ya rame, takalmi wari da wari. Nomau bai ko gaishe shi ba, ya cafke wuyan hannunsa na dama.

"Nomau? Sake ni in yi zubi ɗaya, yau da sa'a nake."

"Inna ta ce sai a ƙofar gida."

"To sake ni in kewaya."

"Mu je tare."

Maikano ya zage shi, ya lallashe shi, ya ce da wane ido zai kalli Inna hannu wofi. Nomau ya duba hannun ya ce, "Ita dai cewa ta yi in riƙe." Ko abinci shi yake ba shi a baki da ɗaya hannun, a bayan mota, har gida.

A ƙofar gida ya sake shi. Wuyan hannun ya kumbura. Hansai ta fito, ba ta tambayi abin da ya kawo ba, ta kama daidai inda Nomau ya saki.

Washegari da safe ta sauko da akushin nan, ta wanke ƙurarsa, ta zuba ɗumame a ciki.