Yadda Ake Zaɓen Ɗaki Mai Taya Ba Tare da An Kwana Bisa Kanka Ba

Pyo Man-deok ya zaɓa wa iyalinsa ɗaki mai taya a yini ɗaya, kuma a kwance ya zaɓa. Maƙwabcina ne. Gonar tuffarsa ce ta yi iyaka da fadamar shinkafata a bayan garin Yeongju. Shekararsa saba'in da tara. Bai karanta takardar kamfani ko ɗaya ba, ni ma ban karanta ba. Ka bi abin da ya yi daki-daki. Na ba ka tabbaci za ka koma gida da ɗaki, da iyali, da girmanka, babu wanda ya salwanta.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da aka zo dubawa

Ɗanka zai ce yara ne ke son kwanan daji. Zai ce kowa a birnin Daegu yana da karaban, wato ɗakin nan da ake ƙulla wa mota a baya, a ja shi har bakin teku, a kwana a takure alhali akwai gida. Rabin maganar ke nan.

Ga ɗaya rabin. Tun da matar Pyo ta rasu, ɗansa Sang-gil yake cewa Baba ya tsufa, ya sayar da gonar ya dawo wurinsu. Gidansu a Daegu yana hawa na uku a bene mai hawa ashirin da biyar. Pyo ya ƙirga da yatsu, ya ga iyali ashirin da biyu za su riƙa taka kansa da silifa, suna wanka a bisansa. Ya ce a'a. Sang-gil ya ce to, muddin Baba yana da ƙafarsa. Ranar da ƙafa ta gaza, magana ta ƙare.

Gwiwar Pyo ta hagu kuwa tun bazara take ƙagewa. Daga ni sai karensa muka sani.

Saboda haka in an ce ka zo ka taya zaɓen karaban, ka sani ba karaban kaɗai ake dubawa ba. Ka bar sanda a gida.

Mataki na biyu: Kada ka kalli abin da mai sayarwa ya nuna maka

Mai sayarwar sunansa Tak, matashi ne, kansa na sheƙi da mai. Zai yi ta zancen birki, da nauyi, da ƙarfin motar da za ta ja. Ka bar shi. Mutumin da ya fara da taya bai shirya kwana ba.

Pyo ya tuɓe takalma a bakin kowane ɗaki, ya dafa ƙasa da tafin hannu ya ji ko tana ɗumi. Ya tambayi inda tulun kimci, wato kabejin da ake tsimawa da yaji, zai zauna. Sai ya zo kan babban gwaji: ko ɗa zai iya durƙusa wa ubansa cikakken durƙuso a ciki, goshi har ƙasa. Ya zauna a ƙarshen ɗaki, ya ce Sang-gil ya gwada.

Sang-gil, mai shekara arba'in da takwas, mai ma'aikata tara a ƙarƙashinsa, ya durƙusa a ɗaki shida. A na farko ƙeyarsa ta bugi tebur. A na uku ɗuwawunsa ya buɗe ƙofar bayan gida. Matarsa Mi-ran tana tsaye a waje riƙe da takalman mutum biyu, tana kallon sama.

A na shida ya durƙusa ya tashi lafiya. Tsohon kaya ne da ya shekara biyu a filin sayarwar, labulensa ruwan ƙwai, babu mai so.

Mataki na uku: Ka ƙirga gadaje daga sama

A kusurwar ɗakin akwai gado biyu, ɗaya bisa ɗaya. Tak ya buga katifar sama da hannu yana murmushi. Ya ce jikoki a nan, Dattijo kuma a ƙasa, kusa da bayan gida, babu wahala.

Pyo ya dubi Tak.

“Yaro, gidanku da manya?”

Tak ya ce akwai.

“A kan kakanka kake kwana?”

Tak ya ce ai ba haka ake kallon abin ba, kowa haka yake yi. Sang-gil ya sa baki a hankali, ya ce gadon sama ba na mai shekarun Baba ba ne, tsanin ma a miƙe yake. Yana faɗi yana kallon ƙafar ubansa.

Kai mai karatu, nan ne wurin. In ka yarda da gadon ƙasa, jikarka Da-som za ta kwana da diddigenta bisa hancinka, kuma ɗanka ya samu shaidar da yake nema. Ba a barin gado ya yi magana a madadin mutum.

Mataki na huɗu: Ka hau

Tsanin hawa biyar ne. Pyo ya tofa yawu a hannu, ya kama. Bai yi nishi ba, don ya riƙe numfashi tun daga ƙasa. Ya kai sama, ya mirgina, ya miƙe. Rufi yana taƙi ɗaya da hancinsa.

Sang-gil ya saki baki. Tak ya tafa sau biyu, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

A lokacin ne gwiwar ta ƙage. Ta miƙe sandandan kamar ƙotar fartanya, ta ƙi lanƙwasuwa.

Mataki na biyar: In ka maƙale, ka ce gwaji kake yi

Kada ka yi ihu. Kada ka taɓa ƙafar. Ka harɗe hannu a ƙirji ka rufe ido.

Da aka ce ya sauko a duba na bakwai, Pyo ya ce katifa ba a saninta a minti biyar. Bayan rabin sa'a ya ce yana sauraron rufi ne, ko yana yoyo. Tak ya ce ba a yi ruwa ba kwana goma. Pyo ya ce shi ya sa ake jira.

Wasu mata da miji suka shigo kallo, suka buɗe durowa, suka murɗa famfo. Matar ta ɗaga kai ta gan shi, ta tambayi Tak ko da tsohon ake sayarwa. Pyo bai buɗe ido ba, ya ce ta tuɓe takalmi.

Rana ta yi tsaka. Aka sayo taliya, aka miƙa masa kwano. Ba wurin zama a miƙe, ya ci a kishingiɗe, romo na bin kunnensa. Ya tambayi Tak, kamar abin bai dame shi ba, ko ana jan ɗakin da mutum a ciki har Yeongju. Tak ya ce shi dai ba zai bari a fita daga filinsa haka ba.

Sai Sang-gil ya matso ya miƙa hannu biyu. “Baba, ko in kama ka?”

Hannun nan biyu, Daegu ce a ƙarshensu. Pyo ya ce ya kama kansa.

Mataki na shida: Ka zo da suruka mai ido

Wannan ba a saye a filin, tun shekara goma sha biyar baya ake zaɓa.

 Mi-ran ta ga gumi a goshin tsoho, ta ga ƙafa ɗaya ba ta motsa ba sa'a uku. Ta juya ga mijinta ta ce wannan za su saya, ya bi Tak ofis ya sa hannu. Sang-gil ya ce labulen fa? Ya ce motarsu da ƙyar za ta ja shi. Ta ce ya karanta kowane shafi sau biyu, kada ya dawo sai ya gama.

Suna fita ta buɗe but ɗin mota. Buhu huɗu na shinkafa ne a ciki, ta fadamata, wadda Pyo ke ɗora musu duk kaka. Ta kinkimo su ɗaya-ɗaya. Ta jera uku a gindin gado, ɗaya bisa ɗaya, ta aje na huɗu a gabansu. Sannan ta juya baya ta fuskanci taga.

“Baba, labulen nan muni gare shi. Zan daɗe ina kallonsa.”

Pyo ya zamo da ciki, ƙafa a miƙe, buhu bayan buhu. A na ƙarshe gwiwar ta yi ƙara ta saki. Ya tsaya, ya gyara wando.

“Uwar Da-som, shinkafa ba a taka ta.”

“Ban ga wanda ya taka ba, Baba.”

Kafin maza su dawo buhuna sun koma but. Suka tarar da shi a waje yana shurin taya da ƙafar dama.

Mataki na bakwai: Yanzu ka tambayi nauyi

Sang-gil ya gaya wa duk dangi cewa ubansa ya hau tsani kamar ɗan shekara ashirin, ya sauko babu wanda ya ji motsinsa. Maganar Daegu ta mutu. Benensu ba wurin aje karaban, don haka a gonar tuffa yake zaune, kuma duk ƙarshen mako sai sun zo.

Sai dai gadon sama ya zama na Kaka. Jikoki ba sa ko taɓa tsanin. Duk tafiya Mi-ran tana loda buhu huɗu, kuma duk safiya tana aiken mijinta da yara nemo ruwa a famfo mafi nisa. Sang-gil ya taɓa tambaya me mutum biyar za su yi da wannan shinkafa a kwana biyu. Ta ce ba a san abin da hanya za ta yi ba. Don buhunan su shiga, an bar kujeru da kekunan yara a gida. Iyalin Pyo a tsaye suke shan iska.

To ka tambayi mai sayarwa abu ɗaya: ɗakin zai ɗauki buhu huɗu? In ya ce e, ka saya.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan ya maƙale, kada ya aiko mini. Ban sayar masa da gado ba, ban zaɓa masa suruka ba. In tasa mai surutu ce, shi ya sani. Shinkafa kawai nake sayarwa.

Asabar da ta wuce ina tsaye a iyakar gona suna shirin tafiya bakin teku, kwana uku. Sang-gil yana ƙulla ɗakin, bai ɗago kai ba. Ya ce ya canza wa gadon ƙasa katifa, mai laushi ce, yara kuma sun ce su a tanti suke so su kwana, babu kowa a sama. Ya ce Baba ya gwada ko sau ɗaya.

Mi-ran ta tsaya da buhu na huɗu a kafaɗa. Pyo ya leƙa ta ƙofa, ya ƙirga tsanin da ido, har yanzu biyar ne. Ya dubi ɗansa.

“Ba na kwana ƙasa.”