Yadda Ake Yi wa Tsohon Bututu Riga Daga Ciki Ba a Fasa wa Alhaji Bango Ba

Kai da aka damƙa wa gyare-gyare a tsohuwar masana'anta, a Sharada kake ko Challawa ko Bompai, matso kusa. Idan ruwan famfonku ya fara fitowa kalar shayi ba madara, mai kamfani kuma ya rantse ba mai taɓa masa bango, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin bututunka zai daina yoyo. An gwada a hannun Uwaisu, shugaban gyara na wani kamfanin alewa a Bompai, kuma wallahi aikin ya yi kyau, har ya so ya yi yawa.

Mataki na 1: Kada ka ce a canza

Bututun kamfanin su Uwaisu tun yana goye aka binne su, tsatsa ta gama da su. Abin da ya dace shi ne a tone a sa sababbi. Ya sani, kai ma ka sani. Sau ɗaya ya yi gangancin faɗa, sai Alhaji Abdulwahid mai kamfanin ya sauke tabarau ya tambaye shi ko ya san daga wace ƙasa aka kawo tayil ɗin bangon. Daga nan ya ba shi wa'adin wata guda: ruwa ya yi fari, bango ya zauna lafiya, in ba haka ba ya ajiye makullai. Shekarar Uwaisu goma sha tara a wurin, ga iyali a Zawaciki, ba shi da wata sana'ar. Ya ce to, ranka ya daɗe. Kai ma abin da za ka ce ke nan.

Mataki na 2: Nemo kalmar da Alhaji bai taɓa ji ba

Ifoksi. Wani danƙo ne mai kama da fenti, ana hura shi cikin bututu da injin iska, ya manne a jiki ya bushe, ya rufe duk wata ƙofa da tsatsa ta huda. Faɗe shi a hankali, ka ƙara da cewa haka ake yi a Turai. Babban mutum ba ya cewa bai gane ba. Gyaɗa kai zai yi, ya ce dama shi ma tunanin da yake yi ke nan.

Mataki na 3: Manta da taswirar bututu

Babu ita. Wanda ya zana ya rasu, durowar da aka ajiye ta gara ta cinye. Kada kuma ka zagaya bayan katanga wai don ganin inda bututun ya bi, shugaba guda ba ya tsallaka kwata. Uwaisu bai zagaya ba. Ya dai lura tanki na sauka fiye da abin da injina ke sha, ya ce ai yoyo ne, kuma shi aka zo kashewa.

Mataki na 4: Sa hular kwano, ka goya hannu a baya

Aikin ba naka ba ne, na masu injin hura ifoksin ne. Za su rufe ruwa, su busar da bututun da iska mai zafi, su hura yashi ya kankare tsatsar, sannan su bi da ifoksi a bar shi ya bushe. Naka shi ne ka tanadi jarkokin alwala, don ma'aikata za su haƙura da komai ban da wannan, sai kuma ka riƙa leƙa injin kana cewa a ƙara kula.

Rana ta huɗu aka buɗe, ruwa ya fito fari tas. Uwaisu ya cika kofin gilashi, ya kai ofis. Alhaji ya ɗaga kofin a hasken taga ya ce ai dama ya faɗa musu. Bai kurɓa ba, shi ruwan roba yake sha.

Mataki na 5: In ka ga mata da bokitai a bakin ƙofa, wuce

Uwaisu bai wuce ba, ya tsaya tambaya. Asabe mai abinci, wadda ke sayar wa ma'aikata shinkafa da wake, ita ta ja shi bayan katanga ta nuna masa. Ashe akwai inda bututun ya leƙo waje ya tsage, shekara ashirin da ɗoriya ruwa na tsartuwa. Asabe ta ɗaura wa wurin guntun tiyo, unguwar gaba ɗaya nan take ɗiba. Ruwan Alhaji suke ce masa. Uwaisu ya sha jin sunan, ya ɗauka wani layi ne daban aka ja musu. Limamin unguwar kan sa wa Alhaji albarka duk Juma'a saboda shi. Alhajin bai san ta inda ruwan ke fita ba, amma ba a mayar da addu'a, amin yake cewa. Har lambar yabo wata ƙungiya ta ba shi, tana rataye a ofis.

To, shi ifoksi bai san sadaka ba. Huda ya tarar, ya toshe.

Asabe ta ce kwana huɗu ke nan tana bin 'yan garuwa, jiya ma ba ta ɗora tukunya ba. Uwaisu ya ji kunya, ya ji tausayinta, sannan tsoro ya zo ya kore su duka.

Mataki na 6: A gaban baƙi, laifin naka ne

Mai unguwa ya zo da dattawa, suka zauna a ƙasa suna tambayar laifin da suka yi wa Alhaji har ya janye alherinsa. Alhaji ya sa aka kira Uwaisu, ya tambaye shi wa ya ba shi izinin yanke sadakar da ya yi wa iyayensa marigaya. Uwaisu ya buɗe baki zai ce tsatsa ce ta yi sadakar. Ya dubi Alhaji, ya tuna iyalinsa.

"A gafarce ni, ranka ya daɗe, kuskure ne."

Haddace wannan jimla, za ta yi maka amfani.

Mataki na 7: Riƙe guduma da kyau

Kada ka kawo shawarar a kafa musu famfo na gaskiya. Uwaisu ya kawo, Alhaji ya ce shi ba ya son bidi'a.

"Yadda ka same shi, haka za ka mayar da shi."

Da la'asar, a gaban jama'ar unguwa, Uwaisu ya durƙusa a bakin kwata ya saita ƙusa a kan bututun da ya kwana uku yana tsaye a kansa. Bugu na uku ruwa ya tsarto ya jiƙa masa riga. Mata suka rangaɗa guɗa. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa Alhaji gidan Aljanna, tun da ba mayar da ruwan kawai ya yi ba, har tace musu shi ya yi. Aka ɗauki hoto, aka ce wa mai jiƙaƙƙiyar riga ya ɗan matsa gefe.

Washegari da safe takarda na jiran Uwaisu a wurin mai gadi. Laifi biyu aka rubuta: toshe bututu ba da izini ba, da huda dukiyar kamfani da gangan. Ya karanta sau biyu, ya miƙa makullai.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai taɓa riƙe sifana ba, bai san ka ba, kuma ko a kotu zai rantse bai taɓa jin kalmar ifoksi ba. Duk abin da ya biyo baya, na bututu ne ko na abincin gidanka, tsakaninka da Alhajinka ne. In kana son ƙarin bayani, nemi Uwaisu a Zawaciki. Ba sai ka yi waya ba, kullum yana gida.