Rasuwar Kabewa, Tantin Mutum Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu mai zafi a ƙarƙashinsa wanda ba baƙin ciki ba ne, ni Jipara, matar Esentur, autan gidan da ke bayan tsohon injin niƙa a Kara-Bulak, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da makiyayan da suka taɓa shayar da mu nonon goɗiya, da direbobin da suka taɓa rage mana hanya, rasuwar tantinmu wanda muke kira Kabewa saboda launinsa. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da rana tsaka, yana da shekara goma sha wani abu a duniya. Bai yi jinya ba. Yanka shi aka yi, kuma za mu zo wurin.

Marigayin ya shigo hannunmu ne shekarar da muka aurar da 'yarmu Nurzada, gida ya yi mana faɗi, babu abin da ya rage sai mu kalli talabijin mu kalli juna. Na ajiye allin koyarwa, Esentur ya miƙa wa abokinsa makullin gareji, muka saɓa jakunkunan goyo muka nufi duwatsu. Mutanen gari suka ce mako biyu za mu yi mu dawo da ciwon gwiwa. Ciwon gwiwar kam mun same shi, dawowar ce ba su gani ba. Kabewa ya kwana da mu a duwatsun Alai, ya sha iskar Pamir, ya ga tafkunan tsaunukan Fan, ya yi bazara a gaɓar tafkin Son-Kul har makiyayan wurin suka riƙa kwatance da shi. In sanyi ya tsananta mu gangara kudu, in ƙanƙara ta narke mu sake hawa.

Duk wanda ya san shi zai yi masa shaidar haƙuri. Ɓerayen dutse sun ci igiyarsa, wata saniya ta taɓa lashe masa gefe guda saboda gishirin gumi, bai ce uffan ba. Ba ya yoyo sai a kusurwa ɗaya, ita ma ta gefen Esentur, abin da na ɗauka a matsayin shaidar hankali da sanin ya kamata. Mai rufin asiri ne, domin ya ji maganganun da ko 'yarmu ba ta taɓa ji ba, kuma ya tafi da su. Ba shi da yawan magana. Da safe in an buɗe zif ɗinsa yakan ce "ziiit", in iska ta taso ya ce "fat-fat-fat", in ƙanƙara na zuba ya ce "tas, tas, tas" kamar ana soya wani abu a kanmu. Har yanzu in na rufe jakata na ji ƙarar zif sai in waiwaya in neme shi.

Amma babban halinsa, wanda saboda shi nake wannan sanarwa, shi ne ba ya tafiya a bayan mutum ɗaya. Tun ranar farko muka raba nauyinsa, ni na ɗauki yadin, Esentur ya ɗauki sandunan. A bazararmu ta farko, a wani mashigin dutse a Alai, muka yi faɗa a kan hanya, yana cewa hagu ina cewa dama. Ya ce na cika taurin kai irin na malaman makaranta, na ce masa shi ko gabas bai sani ba sai rana ta fito. Ya juya ya gangara abinsa, ni kuma na zauna a kan dutse na rantse ba zan motsa ba. Kafin la'asar sai ga shi yana hawowa yana haki. Wai ya dawo ne ya tambaya ko gishirin yana jakata. Gishirin yana jakarsa, mu duka mun sani. Abin da ya gano a ƙasa shi ne sanduna ba sa tare ruwa, ni ma ina zaune na gano yadi ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Daga ranar, duk faɗan da muka yi, kuma mun yi da yawa, dole kafin rana ta faɗi wani ya nemi wani. Ni ma na taɓa yin nawa fushin na tafi, hadari ya koro ni. A gida akwai ɗaki biyu, mutum yana iya yin gaba wata guda. A cikin Kabewa babu inda za ka juya baya ba ka taɓa ɗan'uwanka ba.

Surukata, Allah ya jiƙanta, ta san wannan. Duk lokacin da muka leƙo gida ita take shimfiɗa marigayin a tsakar gida ta duba masa raunuka. Facin da ke bakin ƙofarsa da hannunta ta yi shi, da jan zare. Ta taɓa ce mini ita ƙafarta ba ta wuce makiyayar bazara ba, in je in gano mata abin da ke bayan dutsen. Addu'ar cikarta shekara ce ta dawo da mu gari a wannan karon, a daidai lokacin yankan ciyawa.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. Na wanke Kabewa na shanya shi a igiya, na ɗaura ɗankwali na shiga zuba wa baƙi shayi kamar yadda ya wajaba a kan matar auta. Ina can ina sunkuyo ina miƙa kofuna, wani mutum ya sauke shi daga igiya, ya ɗauko almakashin askin tumaki, ya farke shi daga ƙofa har baya. Ta kan jan zaren uwarsa ya fara. Ya yanke gindin ya yar, ya shimfiɗa sauran a kan tarin ingiricinsa, ya danne da tsofaffin tayoyi. Da na fito da buta a hannu na hango launin kabewa a saman ciyawa, ban san lokacin da butar ta faɗi ba.

Al'adarmu ta hana ni kiran sunan wan mijina, kuma ni mace ce mai kiyaye al'ada. Saboda haka ba zan faɗi sunan wanda ya yi wannan aika-aika ba. Zan dai ce gidansa ne mai shuɗiyar ƙofa a gefen masallaci, yana da haƙorin zinariya a sama ta hagu, kuma shi ne wanda dokinsa ya kayar da shi a gaban jama'a a bikin bara. Wai ya ɗauka tsohon tamfol ne. Mutumin da ke da tamfol uku sababbi fil a sitonsa! Da baƙi suka taru sai gaskiyar ta fito daga bakinsa. Ya ce auta shi ke riƙe gidan uba, tsohuwa ta tafi, murhu ya mutu, yawon ya isa haka. Ya ce abin kunya ne mace mai furfura tana bin duwatsu da wando kamar akuya. Matar ƙane ba ta mayar wa wan miji magana. Na dai ce a raina Allah ya isa, kuma ina maimaitawa a nan da babbar murya, Allah ya isa.

Almakashin bai yi mini ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Na juya na kalli Esentur, mutumin da na gani da idona ya tsallaka kogin ƙanƙara da jaka biyu a kansa. Ya kalli ingiricin, ya kalli takalminsa, ya ce, "Jipara, Yaya ne fa." Shi ke nan abin da ya faɗa. Tun ranar yana kwana a ɗakin tsohonsa ina kwana a na tsohuwa, kuma babu hadarin da ya koro kowa.

Marigayin ya rasu ya bar sanduna, waɗanda ke jingine a bayan ƙofar ɗakin da Esentur ke kwana. Ya bar turaku, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe, da risho mai tari, da wata tukunya da ta lotse tun a Pamir. Ya bar ni. Ya kuma bar Esentur, wanda har yanzu ba a tantance ba ko yana cikin masu karɓar gaisuwa ne ko cikin waɗanda suka riƙe ƙafa aka yanka.

Game da jana'iza, na tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa yadi salla, kuma ya yi gaskiya. Sauran hidima dai za a yi ta cif. Za a ɗauko gawar daga kan ingiricin ranar Alhamis da hantsi. Tsofaffin da ke duba sama sun ce daga Alhamis ɗin ruwa zai sauka ya kwana biyu bai ɗauke ba, amma gawa ba ta jira. Domin kada masu makoki su jiƙe, an aro tamfol ɗin nan guda uku za a yi musu rumfa. Facalata, matar mai shuɗiyar ƙofa, ita ta miƙo su da hannunta, har ta tambaya ko akwai wani abin da ake buƙata. Allah ya saka mata da alheri. Muna fatan babu wanda zai zo ya yaye rumfa a kan masu zaman makoki saboda ciyawa.

Kamar yadda ake yi wa wanda ya yi tsawon rai mai albarka, za a yayyaga abin da ya rage na marigayin a raba wa matan da suka halarta, kowace ta tafi da ƙyalle. Ana roƙon su ɗaura shi a ƙofar gida ko a wuyan ɗan maraƙi, inda mai wucewa zuwa masallaci zai riƙa gani. Facin jan zaren ne kawai ba za a raba ba, shi kam tun ranar na ɓamɓaro abina. Haka kuma, tunda al'ada ta ba matar ƙane damar laƙaba wa wan miji sunan da za ta riƙa kiransa da shi, ina sanar da cewa na ajiye "Babban Yaya" da na yi shekara talatin ina faɗa. Daga yau sunansa Mai Almakashi. Matan unguwa sun riga sun karɓa, jiya ma na ji jikarsa tana gwadawa.

Za a ci borsok, soyayyen burodinmu, a sha shayi, ni zan zuba, a sunkuye kamar kullum. Ba a buƙatar gudummawar kowa. Nurzada ta aiko da yadi daga birnin Bishkek, na ɗinka shi a keken surukata daidai awon tsofaffin sandunan, na maƙala facin jan zaren a bakin ƙofa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kasance a gadar katako ta bayan gari, inda hanyar dutse ta fara, da jakata a baya da yadin a ciki. Ba zan zauna a kan dutse in jira la'asar ba wannan karon, na tsufa da wannan. In rana ta karkata zan hau, in ya so ruwan ya same ni a mashigi da yadin da ba ya tsayuwa, gari kuma ya san a gidan nan mutum biyu ne suka yi kisan. Abu ɗaya ake nema a wurin rakiya, sanduna. Wanda suke hannunsa ya san kansa, kuma gishirin yana jakata.